Kayan Aro a Ɗaki na Bakwai

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Amarya. Ya aiki, ya jama'a? Kada ka ce me ya hana ni buga waya. Ka san injin niƙa ya gama cinye mini kunnuwa, in an kira ni sai dai in yi ta “na'am, na'am” har mai kiran ya gaji. Shi ya sa na koma wa biro da takarda. Direban da ke bi ta ƙofar ofis ɗinku zai miƙo maka.

Auta, an sayar da gidan da muke haya. Mai gidan bai ma zo da kansa ba, wasu ne suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti suka shafa wa katanga alama. Wai shaguna za a yi, hawa uku. Tun da jihar nan ta fara cika da mutane, duk inda talaka ya shimfiɗa tabarmarsa sai a ce wurin ya dace da shago. Wata uku aka ba mu, ka ga daidai faɗuwar damina ke nan.

Ni ba kaina nake ji ba, ko a rumfar niƙata zan iya raɓewa. Maigidana, yayanka Birkila, nake ji. Shekara uku ke nan tun da ya faɗo daga saman ginin mutane, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya ɗauke. Ni ba na ji, shi ba ya magana, har maƙwabta suna sha'awar zamanmu, wai ba a taɓa jin kanmu ba. Amma in ruwan sama ya same shi a waje, ka san ba zai kai labari ba.

Mai shayi na ɗaki na uku ne ya kawo mana labari cewa ƙungiyar da kake wa aiki ta ware wa mutanen layinmu gida goma a sabuwar unguwar da ake ginawa bayan tasha. Ɗaki biyu da banɗaki. Ya ce gwamnatin jiha ce ta ba da fili, masu tallafi suka ɗauki nauyin gini, wanda ya samu kuma zai riƙa biyan ɗan abin da bai kai haya ba har gida ya zama nasa. Mu fiye da arba'in muka cika fom. An ce za a turo masu dubawa, ɗaki-ɗaki.

Ban ce ka sa mini hannu ba, ba na son abin da zai taɓa maka aiki. Abu ɗaya nake so: ka gaya mini yadda ake tarbar mutanen nan, da abin da suke son gani. Da ɗan gari akan ci gari. Allah bai ba mu haihuwa ba, kai ne ɗan da muka goya, in ban tambaye ka ba wa zan tambaya?

Ka gaida Amarya. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na kuma gode da addu'a. Ki gaishe mini da mai jiki.

Da farko, kada ki kuskura ki gaya wa kowa cewa ni ƙanenki ne. Doka ta hana, kuma a ofis ɗin nan ido ya fi ma'aikata yawa.

Na biyu, ki buɗe kunnen basira ki ji, tunda na fili ya tafi. Masu ba da tallafin nan manyan mutane ne, daga nesa suke aiko da dukiyarsu. Ba sa son ba da sabon gida ga wanda zai mayar da shi turken awaki. Abin da suke dubawa shi ne: wannan matar za ta iya riƙe gida kuwa? Na san ɗakinki, Yaya, kuma kin san na san shi. In mai dubawa ta shiga ta tarar da bokitai a jere ana taron yoyo, ga tsagar bango da ƙadangare ke leƙowa, ga warin majinyaci, to ta gama yanke hukunci kafin ta zauna.

Saboda haka ki gyara. Ki nemi aron kujeru da kafet. Ki rataya labule a kan tsagar. In da mai firji a layin, ki roƙa a ajiye miki na yini ɗaya. Shi kuma mai jiki a kai shi wani wuri har su tafi, don in sun ga mara lafiya cewa za su yi ba za ki iya biyan na wata-wata ba. Duk abin da aka tambaye ki, kada ki yi ƙorafi. Ba a son mai kuka.

Ranar Talata ta sama za su zo layinku. Ni ba na cikin tawagar. Ki fitar da ni kunya.

Wassalam.

Auta.

*

Auta ɗan albarka,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun wuni lafiya. Yau zan ba ka labari mai daɗi, ka gyara zama.

Da ka ga ɗakin nan ranar Talata da ka rantse ɓatan hanya ka yi. Matar tela ta ba ni kujeru biyu masu laushi da labule mai fure. Kafet na samo a wurin malamar makarantar da nake yi wa niƙa. Firjin mai sayar da ƙanƙara kuwa sai da ƙarti huɗu suka ɗauko shi, kuma ka san shekara biyu ke nan da yanke mana wuta, sai na tura wayar bayan kujera kamar a jone take. Na shafe tabon yoyon silin da farin fenti, na kwashe bokitai na kai bayan gida. Na tsaya a ƙofa ina kallo, wallahi sai da na ji kamar in cire takalmi kafin in shiga ɗakina.

Abu ɗaya ne ya sosa mini rai. Da muka ɗora Birkila a baro za a kai shi rumfar niƙa, ya yi ta kallona, yana nuna ɗakin da hannun nan nasa mai rai. Ina jin so yake ya ɗan zauna a kujerar. Na ce masa ya yi haƙuri, ya kusa samun tasa.

Wata yarinya ce mai tabarau ta zo, mai hankali, da ta gane ba na ji sai ta riƙa rubuta mini tambayoyin a takarda. Ta rubuta, “Mama, rufin nan yana yoyo?” Na ce mun gode Allah, wasu ko irinsa ba su samu ba. Ta rubuta, “Akwai mara lafiya a ɗakin nan?” Na ce lafiya lau muke. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta sake rubutawa, “Mama, kin tabbata? Ki gaya mini gaskiya, ba abin kunya ba ne.” Na ce a raina, yarinya, gwada ni kike, ai an riga an ba ni satar amsa. Na yi mata murmushi na ce na tabbata. Ta ɗauki hotuna, ta sha ruwan da na ba ta, ta tafi.

Amma ka ji marasa kunya! Mai shayi da kansa na gani yana ɗibar ruwan famfo yana zubawa a bokitai yana jerawa a tsakar ɗaki, alhali tun bara ba a yi ruwan sama ba. Matarsa ta saka wa yara tsummokara. Na ce masa, “Kai kuwa baƙi za su zo ka tona wa kanka asiri haka?” Ya buɗe baki da kyau don in gane, ya ce, “Mai niƙa, asirin da za a rushe nan da wata biyu?” Na bar shi da jahilcinsa, tunda shi ba shi da ƙane a ofis.

Na mayar wa kowa da kayansa. Yanzu sai jiran alheri. Allah ya saka maka.

Yayarka.

*

Daga Sashen Tantancewa, Shirin Gidaje Masu Sauƙin Kuɗi
Zuwa ga mazauniyar ɗaki na bakwai

Bayan gaisuwa, muna sanar da ke sakamakon ziyarar da jami'armu ta kai ɗakinki.

Kamar yadda tsarin shirin ya tanada, ana ba da gidajen ne ga waɗanda suka fi tsananin buƙata. Ana ba da maki a kan lalacewar muhalli, da rashin kayan amfanin gida, da kasancewar majinyaci ko mai naƙasa a cikin iyali.

Rahoto ya nuna ɗakinki ba ya yoyo, bangonsa lafiya yake, kina da firji da kujeru, kuma da bakinki kin tabbatar babu mara lafiya. Kin samu maki goma sha tara cikin ɗari. Sunanki bai shiga cikin goman da aka zaɓa ba.

Muna taya ki murnar halin rufin asirin da kike ciki, muna kuma fatan za ki fahimci cewa akwai waɗanda suka fi ki buƙata.

Mun gode.

*

Auta,

Gaisuwa. Na gode da zuwan da ka yi shekaranjiya. Tun da takardar nan ta zo, sai da na gan ka a ƙofa hankalina ya ɗan kwanta. Na yarda da abin da ka ce, cewa an canza tsarin ne bayan ka rubuto mini. Ɗan Adam ajizi ne, ban riƙe ka a rai ba.

Ina fatan hotunan ɗakin da ka ɗauka don ka ɗaukaka mini ƙara sun fito da kyau. Na ga ka sha wahala: ka jera bokitai da kanka, ka ja tabarmar Birkila zuwa gindin tsagar, har ka kwanta a ƙasa don ka samu silin ɗin. Ban so ka yaye masa mayafi ba, mutum ne mai kunya, amma tunda ka ce sai an ga ƙafafun, shi ke nan. Na kuma gane dalilin da ya sa ka ce ni in tsaya a waje, tunda fuskata tana cikin fayil ɗin farko.

An fara cire rufin ɗakunan gaba. Yaushe za a ji sakamako?

Yayarka.

*

Auta,

Na yi maka sallama don Allah ya ce a yi.

Wasiƙa uku na aiko, ko ɗaya ba ka amsa ba. An rushe gidan ranar Asabar. Muna rumfar niƙa ni da Birkila, na kewaye gefe ɗaya da buhuna. In na tayar da inji ƙurar gari tana shaƙe shi, in na kashe ba mu da abin ci. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Jiya mai shayi ya zo. Shi dai ya samu gida, da ruwan famfonsa. Ya tsaya yana ta murza hula, sannan ya miƙo mini wata takarda mai sheƙi, irin wadda ƙungiyarku ta raba ranar ba da makullai. Hoto biyu ne a jiki. Na hagu ɗakina ne. Na san tsagar nan kamar yadda na san tafin hannuna, shekara goma sha ɗaya ina toshe ta da tsumma. Ga bokitina mai karyayyen hannu. Ga mijina a kwance, ƙafafunsa a waje, duniya tana kallo. A hoton dama kuwa Amarya ce, ta sha kwalliya, tana riƙe da makulli tana dariya. A ƙasa an rubuta: “Ita da mahaifinta majinyaci sun fita daga ƙunci.”

Mahaifinta, Auta? Mahaifin Amarya da ke da motocin haya biyu?

Kurma ce ni, ba mahaukaciya ba. Na zauna na haɗa zaren da kaina. Ba a canza wani tsari ba. Tun ranar da na rubuto maka ka san cewa duk layin nan babu ɗakin da ya kai nawa lalacewa, kuma babu mai majinyaci irin nawa. Da na bar ɗakin yadda yake, da ni ce ta ɗaya. Sai ka sa na rufe shi da labule da kafet, don hoton da yarinyar nan za ta ɗauka kada ya yi kama da wanda kai za ka zo ka ɗauka daga baya. Ka ƙirƙiro ɗaki na goma sha uku a gidan da ɗakunansa sha biyu ne, ka saka matarka a ciki, ka ba ta tsagata da yoyona da mijina.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ka san halina ne. Ka san ko ba ka ce ba, ni ba zan iya barin baƙo ya ga tsiraicin ɗakina ba. Turawa kaɗan ka yi, na ƙarasa faɗawa da kaina. Yarinyar nan har sau biyu ta tambaye ni, ta ce in faɗi gaskiya, ni kuma ina mata murmushi don kada in ba ka kunya.

Na ce wa mai shayi ya zo ya ba da shaida. Ya ce in rufa masa asiri, in aka fara tono shi ma bokitansa za a tono.

Birkila ne ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai ka makaranta ranar farko. Ba gori nake maka ba, tuna maka nake wanda ka yaye wa mayafi. Ka amsa mini, ko da layi ɗaya ne.

Yayarka, tunda ba a canza uwa.

*

Yaya,

Salam. Na ga duk wasiƙunki. Aiki ne ya yi yawa.

Tunda kin gane, ba sai na wahalar da ke ba. E, haka aka yi. Shekara goma sha biyu ina miƙa wa mutane makulli ana tafa musu, ni kuma in koma ɗakin haya in tarar mai gida ya kulle famfo. Doka ta ce ma'aikaci ba ya cin gajiyar shirin. Wanda ya rubuta dokar gidansa hawa biyu ne. Amarya tana da ciki wata shida. Ke da mai jiki kun ci zamaninku, gida kuwa na masu gaba ne. In kin cire son rai za ki ga gidan bai bar dangi ba.

Kuma ki daina ɗora mini laifin duka. Ni na ce ki gyara ɗaki, ban kama bakinki na ce ki yi wa jami'a ƙarya har sau biyu ba. Ke da kanki kika koya mini cewa zanen aro ba ya rufe katara. Kullum zancenki kin goya ni, kin goya ni. An sauke goyo tuntuni, Yaya.

In kina tunanin zuwa ofis, ki tsaya ki yi nazari. Fayil ɗinki ya nuna kin yi ƙarya, kuma mai ƙarya ba a sake karɓar fom ɗinsa. Ni za a kore ni, gidan a ba wani bare can. Ke ba ki samu ba, ni ban samu ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Hoton nan ya taɓa zuciyar masu tallafi ƙwarai, har ya jawo mana alkawarin gina wasu gidaje ɗari biyu. Ki ga ke ma kin yi aikin lada. To ranar Alhamis za su zo da masu ɗaukar bidiyo, suna son ganin tsohon a sabon ɗakinsa. Sun ce kuma za su riƙa leƙowa duk bayan wata uku. Ina so ki ba ni aronsa na yini ɗaya. Zan turo mota da safe, na saya masa sabuwar riga, zai kwanta a katifa ya ci mai kyau, kafin la'asar an dawo miki da shi. Tunda ba ya magana, babu abin fargaba. Rigar ma ya riƙe, na bar masa.

Ke kada ki biyo motar. Mai tabarau za ta zo, kuma ta san fuskarki.

In kin karanta ki ƙona takardar nan.

Auta.

*

Auta,

Salam. Ka turo motar.

An yi ruwa sau biyu a makon nan. Na farkon na rufe shi da ledar inji, na biyun ledar ta yage. Tari yake yi yanzu.

Amma ka sani, ba aro ba ne. Takardunku sun ce a sabon gidan yake zaune, to ya zauna. Ba la'asar ba, ba gobe ba. Wasiƙarka ban ƙona ta ba. Ranar da aka fito da shi daga gidan, ranar zan kai wa mai tabarau ita, kowa ya rasa.

Ka ba shi ɗakin da rana ke shiga. A juya shi sau huɗu a yini. Ba ya iya haɗiye abu mai ƙarfi. In ya buga tabarma sau biyu, ruwa yake so. Amarya ta koyi ce masa Baba, tunda ita ta zaɓa.

Na gaya masa ɗazu. Ya kama mini bakin zane da hannun mai rai, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da huɗu ba mu taɓa raba ɗaki ba.

Na san ba za ku wanke shi ba, don haka zan riƙa zuwa kullum da safe in yi masa wanka in wanke kayansa, in fita kafin baƙinku su zo. Ka gaya wa mai gadi ya bar ni in shiga. Ba zan ce ni yayarka ce ba, ba zan ce matarsa ce ba. Ka ce masa mai wanki ce.

Ka gaida maigidana in ya iso.

Mai wanki.